Lilo ko gadar igiya, wasan daɓe ko kiɗa: yadda miji da mata za su zaɓi yinin shaƙatawa a Legas

Abin da ya fi ɓata wa ma'aurata yinin shaƙatawa a Legas ba tsadar tikiti ba ne, hanya ce. Maigida zai tsara cewa da safe za a je wurin lilo a Ibafo, da daddare kuma a ci abinci a kalli wasa a Victoria Island, ya manta cewa tsakanin wuraren nan biyu akwai wuraren cunkoso irin su Kara da Berger da Ojota, akwai kuma gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. A takarda tsari ne mai kyau. A kan kwalta kuwa, sai a isa ana tashi daga wasan, uwargida ta gaji, kwalliya ta narke, kowa ya yi shiru a mota. Don haka tambayar farko ba "ina ya fi daɗi" ba ce. Tambayar ita ce a ina za ku kwana, kuma wane wurin rana da wane wurin dare ne suke gefe ɗaya da masaukin. Taura biyu ba ta taunuwa a Ikko.

Gari biyu ne a cikin gari ɗaya. Akwai ɓangaren tsibiri, wato Lagos Island da Ikoyi da Victoria Island, da doguwar hanyar Lekki zuwa Epe. Akwai kuma ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Mile 12 da Idi-Araba suke, inda kuma akasarin Hausawa ke zaune ko suke sauka wurin 'yan uwa. A ranakun aiki motoci suna kwarara zuwa tsibiri da safe, su dawo da yamma. Wanda ya tashi daga Agege ƙarfe bakwai na safiyar Talata ya nufi Lekki ya shiga tsakiyar gosulo, kuma zai sake shiga wani idan ya juyo ƙarfe biyar. Asabar da safe da Lahadi sun fi sauƙi. Yammacin Juma'a kuwa a bar shi kawai. Kada kuma a dogara da acaɓa don kuɓuta daga cunkoso: tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Eti-Osa da Lagos Island, wato daidai wuraren da ake magana a kansu.

A ɓangaren tsibiri, wurin da ya fi dacewa da mutum biyu shi ne Lekki Conservation Centre. Ba wurin lilo ba ne, kurmi ne da fadama mai faɗin hekta 78 da gidauniyar Nigerian Conservation Foundation ta killace a 1990, kusa da mahaɗar Chevron, kafin a kai Ajah. Ana shiga ta doguwar hanyar katako da aka shimfiɗa a kan ruwan fadama, a ƙarƙashin inuwar itatuwa. Abin da ya ɗaga sunan wurin shi ne gadar igiya mai tsawon mita 401 da aka rataya a saman itatuwa, kashi-kashi, daga hasumiya zuwa hasumiya. Kuɗin shiga daban, kuɗin hawa gadar daban, kuma wannan ya sha ba mutane mamaki a bakin ƙofa.

Ga abin da ya kamata a sani game da gadar. Faɗinta na mutum ɗaya ne, ba a jerawa, ba a riƙe hannun juna. Ƙasanta faranti ne siriri, gefe da gefe raga ce, hannu biyu kuma suna kan igiya. Tana lilo, kuma lilon yana ƙaruwa idan na gaba da na baya suka taka a lokaci guda ko wani ya yi sauri. Shi ya sa ake barin tazara tsakanin masu tafiya. Kashin farko hawa ne, na tsakiya su ne mafi tsayi, daga can ana hango rufin gidajen Lekki ta bayan ganye. Hanya ɗaya ce, gaba kawai ake yi, don haka idan uwargida ta tsaya a tsakiya ta ce "Maigida, ni fa ƙafata ta ƙi," babu juyawa cikin sauƙi, akwai mutane a baya. Maganin shi ne a yi shawara tun a ƙasa, mai tsoron ya shiga gaba don ya tsara saurin tafiyar da kansa, ya riƙa kallon hasumiya ta gaba maimakon ƙasa. Takalmi mai rufi, ba silifas ba, ba mai tsini ba. Babbar riga ba ta da wuri a nan. Zani ɗaure yana takura taku a wurin hawa, doguwar riga da wando a ciki ta fi, a kuma tattare mayafi don kada ya maƙale a raga. Idan ana ruwa ana dakatar da hawa, kuma katakon ƙasa yana santsi bayan an ɗauke.

Sai birai. Ƙanana ne, masu farin ƙirji, sun saba da mutane fiye da kima. Ƙarar leda kaɗai ta ishe su. Mutum na tafe da ledar cincin a hannu, zai ji an fizge, kafin ya waiga biri na kan reshe yana yage ta da haƙori yana kallonsa. Duk abin ci ya shiga jaka mai zif, kada a ba su komai da hannu, kada kuma a yi kokawar ƙwato abin da suka ɗauka, domin cizon biri magana ce ta asibiti da allura. A ƙarshen hanyar akwai fili mai rumfuna da tafkunan kifi da manyan wasannin dara da aka zana a ƙasa. Nan ake zama a ci abin da aka zo da shi. Awa uku sun isa a ga komai ba gaggawa. A iso da an buɗe, domin da sanyin safe ake kama fara: kafin sha ɗaya zafi da gumin Legas ba su taso ba, layin gada bai yi tsawo ba.

Wanda yake son ainihin lilo da majaujawa a wannan ɓangare sai ya ƙara gaba. Omu Resort yana Bogije, bayan Ajah da Sangotedo da Awoyaya da Lakowe. Ya haɗa gidan namun daji da na'urorin lilo da ƙananan motocin tsere, wato wuri ne na yini guda cur. Nisan shi ne matsalar. Mahaɗar Ajah kaɗai tana iya cinye lokacin da aka ware wa cin abinci. Duk wanda ya zaɓi Bogije ya haƙura da wasan dare a Victoria Island, ko kuma ya bar wurin kafin ƙarfe uku. A Sangotedo akwai Giwa Gardens, wurin wasan ruwa da zamiya. Ma'auratan da ba sa son cakuɗar maza da mata cikin kayan wanka su san haka tsarin irin wuraren nan yake kafin su biya. Wani abin lura: tsofaffin jerin wuraren shaƙatawa da ke yawo a intanet har yanzu suna ambaton Bar Beach, wanda aikin cike teku na Eko Atlantic ya cinye, da bakin ruwan Landmark, wanda aka rushe gine-ginensa a Afrilun 2024 saboda sabuwar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba. A kira waya a tabbatar wuri na aiki kafin a kama hanya.

A ɓangaren tudu, babban wurin lilo shi ne Hi-Impact Planet da ke Ibafo, kan babbar hanyar Legas zuwa Ibadan. A taswira jihar Ogun ce, amma daga Ikeja ko Agege ya fi Lekki kusa sosai. Ana wuce Berger, a wuce kasuwar shanu ta Kara, a haye doguwar gada. Yana da na'urori na waje da wasanni na cikin ɗaki, kuma wannan ne fifikonsa a kan kurmin Lekki lokacin damina: idan ruwa ya sauko akwai inda za a fake a ci gaba da wasa. Sai dai hanyar tana da nata kalandar. Manyan sansanonin addu'a na coci-coci suna kanta. Daren Juma'ar farko ta kowane wata akwai babban taro a Redemption Camp, safiyar Asabar ta farko kuma akwai na Mountain of Fire a kusa da Ibafon kanta, ga manyan tarukan shekara a Agusta da Disamba. Gab da Babbar Sallah kuma Kara ta cika da tirelolin raguna. Wanda ya sa ranar fitarsa a ƙarshen makon farko na wata ya kuka da kansa.

Idan aka ɗora kurmin Lekki da wurin lilo a sikeli, ga yadda abin yake. Wurin lilo an gina shi ne don yara da iyali. Miji da mata su kaɗai za su ji daɗin na'urori huɗu ko biyar, lilon sama mai zagaye, jirgin da ke kai da komo, motoci masu karo da juna, sauran kuwa na ƙanana ne. Akwai hayaniya, akwai kiɗa, hira ba ta yiwuwa sosai. Kurmi kuwa shiru ne da tafiyar ƙafa, ya fi arha, amma yana son ƙarfin gwiwa kuma ba shi da mafaka daga ruwan sama. Ga sababbin aure da ke son su keɓe su yi hira, Lekki ta fi. Ga waɗanda suka bar yara a gida suna son su yi dariya su yi ihu kamar ba su ba, ko kuma ɗaya daga cikinsu ba ya iya doguwar tafiya, wurin lilo ya fi.

Tikitin wuraren lilo galibi iri biyu ne: a biya shiga sannan a biya kowace na'ura, ko a sayi na gaba ɗaya. Lissafin mai sauƙi ne. A raba bambancin da ke tsakanin kuɗin shiga da na gaba ɗaya da farashin hawa ɗaya, a ga hawa nawa ne zai sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan mutum ɗaya ne mai hawa ɗayan mai riƙe jaka ne da ɗaukar hoto, kada a sayi na gaba ɗaya guda biyu. Kafin a biya a tambayi mai tikiti waɗanne na'urori ne ke aiki yau, domin ba safai ake samun dukkansu a kunne ba. A ranakun aiki babu layi, amma wani lokaci sai a jira mutane su taru kafin a tayar da babbar na'ura. A ranakun Sallah da ƙarshen Disamba akasin haka ne, komai na aiki, layi kuma har ya gaji da kansa.

Abin da ke lalacewa a kan na'ura kusan kullum abu uku ne. Na farko amai. Yana zuwa ne saboda abin da ido ke gani ya saɓa da abin da cikin kunne ke ji na motsi, kuma cikakken ciki yana ƙara shi. A bar awa biyu tsakanin abinci mai nauyi da majaujawa, a fara da masu sauƙi, a jirgin kai da komo a zauna a tsakiya inda lilon ya fi ƙanƙanta, ba a ƙarshe ba. Na biyu tufafi. Gyale mai jela da hijabi har ƙasa haɗari ne a kusa da duk abin da ke juyawa, musamman ƙananan motocin tsere da injinsu ke bayan kujera a buɗe. A sa ƙaramin hijabi a cusa bakinsa cikin riga. Hula kuma a cire ta a sa a jaka, in ba haka ba iska ta yi gaba da ita. Na uku ɗaukewar wuta. Na'ura tana iya tsayawa kafin janareta ya karɓa. A zauna yadda ake, kada a taɓa ƙarfen da ya danne cinya. Shi wannan ƙarfe, tun kafin a tashi a girgiza shi da hannu a ji ya kulle. Mai juna biyu, da mai hawan jini, da mai ciwon baya ko wuya, su tsaya a kan masu tafiya a hankali.

Yanzu dare. Irin wasan da ake yi a wasu ƙasashe, inda ake zaune a tebur ana kawo abinci ana wasa a gabanka a tikiti guda, ba shi ne abin da aka saba da shi a Legas ba, sai a bukukuwa na musamman da otal-otal ke shiryawa. Abin da ake samu kullum shi ne wasa da abinci a harabar wuri ɗaya, kowanne da kuɗinsa. Wurare uku ne suka cancanci a kwatanta.

Terra Kulture, a titin Tiamiyu Savage da ke Victoria Island, shi ne ya fi kusa da abin da ma'aurata ke nema. Bolanle Austen-Peters ce ta kafa shi a 2003. Akwai gidan abinci na girke-girken Najeriya, da ɗakin zane-zane, da shagon littattafai, da zauren wasan daɓe mai kujeru kusan 400. Zaure ne rufaffe mai sanyi, kowa a zaune, ba turereniya, mace da hijabinta ba za ta ji ta fita daban ba. Wasannin sun fi yawa a ƙarshen mako da lokutan hutu kamar Ista da Disamba, kuma sau da yawa ana yin biyu a rana, ɗaya da rana ɗaya da yamma. Harshen wasa Turanci ne da Turancin buroka, da ɗan Yarbanci, amma waƙa da rawa suna ɗauke da rabin labarin. Ba kowane mako ake wasa ba, a duba jadawali a sayi tikiti tun kafin ranar. Daga kurmin Lekki zuwa nan hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, shi ya sa su biyun suka zama tagwaye.

Akwai lissafin lokaci da ake yawan mantawa. Magariba a Legas tana faɗawa tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintoci, gwargwadon watan shekara, wato daidai lokacin fara wasan yamma. Hanya biyu ce. Ko a kalli na rana, a fito a yi salla, sannan a ci abinci a natse. Ko a ci abinci tun ƙarfe biyar, a yi salla, a shiga wasan yamma. Ta farko ta fi, saboda ana komawa masauki da wuri, kuma ba a cin abinci ido na kan agogo. Kicin ɗin irin waɗannan wurare yana cika gab da fara wasa, abincin da ake kawowa cikin minti ashirin sai ya kai arba'in.

Freedom Park, a Broad Street cikin Lagos Island, wani yanayi ne daban. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne, inda aka taɓa tsare 'yan siyasa irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010, shekarar da Najeriya ta cika 50 da samun 'yanci. Fili ne a buɗe, da dandamalin kiɗa da rumfunan abinci, mutum na iya cin gasasshen kifinsa yana sauraron makaɗa. Ta wannan fuska shi ne ainihin "ci kana kallo", kuma ya fi arha. Amma ana sayar da giya a fili, ruwan sama na iya tashin taron, sauro kuma na nan. Ya dace da wanda ya sauka a Obalende ko Ikoyi, yana son ya zauna awa ɗaya ko biyu bayan la'asar ya tafi kafin dare ya yi nisa. Babban masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa daga nan.

Na uku shi ne New Afrika Shrine a Agidingbi, Ikeja, wanda mawaƙi Femi Kuti da 'yar uwarsa Yeni suka buɗe a 2000, inda ake bikin Felabration na tunawa da mahaifinsu, mawaƙi Fela Kuti, duk Oktoba. Ta fuskar kiɗa babu na biyunsa, har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya je a 2018. Kuma shi ne wurin dare da ya fi kusa da mai dawowa daga Ibafo. Sai dai a faɗi gaskiya: kiɗan ba ya kankama sai dare ya yi, ƙarar tana da yawa, akwai giya, akwai hayaƙin taba da wanda ya fi taba. Yawancin ma'auratan da suka taso daga Kano ko Sakkwato ba nan suke nufi ba idan suka ce fita da iyali. Ga wanda ke ɓangaren tudu, abin da ya fi sauƙi shi ne fim a Ikeja City Mall da ke Alausa, sannan tsire a Allen Avenue, a wurin 'yan uwa da za a yi ciniki da Hausa. Wannan shi ne raunin ɓangaren tudu: ranarsa tana da kyau, darensa bai kai na tsibiri ba.

A teburin abinci, abu uku. Farashin da ke jikin takarda sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba: akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari, akwai harajin jihar Legas na otal da gidajen abinci kashi 5 cikin ɗari, wasu kuma suna ƙara kuɗin hidima. A tambaya ko an haɗa. Sai Chapman, jan lemon nan mai kokwamba da ake kawo wa wanda ba ya shan giya. A girkinsa na asali ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura, wanda ke da barasa a ciki ko da yake 'yan ɗigo ne, don haka mai kiyayewa ya ce a haɗa masa ba tare da shi ba. Sai yaji. Miyar shinkafar ofada da naman akuya na asun suna da barkonon da ya wuce na yajin tsire, kuma ba abin da za a ci ba ne kafin a zauna awa biyu a zauren wasa. Wanda ke shakkar yanka, kifi ya raba gardama.

Watan da aka zo ma yana sauya zaɓi. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne mai yawa, Yuni ya fi kowanne, kuma hanyar Lekki tana tara ruwa. Agusta ana ɗan samun sauƙi, Satumba da Oktoba ya dawo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin gadar igiya, in ban da makonni biyun ƙarshen Disamba da garin ke cika da baƙi, farashin masauki da na mota su tashi. A damina, wurin da ke da rufi ya fi, rana da dare.

Mota kuma, a cikin Victoria Island da Lekki Phase 1 da Ikeja, Uber da Bolt da inDrive suna samuwa kowane lokaci, ko da yake kuɗinsu na hawa da zarar hadari ya haɗo. A Bogije da Ibafo zuwa ba wuya, dawowar ce aiki: direbobi kaɗan ne a kusa, wasu kuma suna soke tafiya idan suka ga nisan. Wanda zai je ɗayan biyun nan ya yi jinga da direba na yini guda, a yanke kuɗi tun da safe, a fayyace wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin ajiye mota, da ƙarfe nawa za a tashi. A riƙe tsabar kuɗi kaɗan ban da kati, saboda na'urar POS takan rasa sabis daidai lokacin da layi ya yi tsawo a bayanka. A jaka kuma a sa ruwa, da ƙaramar darduma, da abin cajin waya, da riga ta biyu ga kowa, domin wadda aka sa aka hau gadar igiya da ita ba za ta shiga zauren wasa ba.